Kwana Uku Babu Yara

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan alheri. Yaya gwiwar? Ina fata maganin da ɗanki ya kawo ya karɓe ki. A gaishe shi da matarsa da jikokinki. Mu nan lafiya lau, sai mura da ta zaga gidan ta kama kowa, ta bar Auta a ƙarshe kamar yadda ya saba zuwa ƙarshe a komai.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. Gidan nan kunnuwa gare shi, da na ɗaga waya sai yara su kewaye ni kamar ina rabon alewa.

Ga abin da ya sa na rubuto. Babbarmu, wadda ta fara aikin jinya bara, ta yanko mana tikitin jirgin ƙasa, ta kama mana ɗaki a masauki, wai mu je babban birnin nan da kika yi shekara ashirin da biyu kina aiki a gidajen abincinsa. Kwana uku, idan an yi dogon hutu, ni da Baban yara kaɗai. Ita za ta ɗauki hutu ta riƙe ƙannenta huɗu. Shekararmu ashirin da huɗu da aure, ban taɓa fita tafiya ba tare da wani a baya ko a hannu ba.

Ko da yake kakanni ne suka haɗa mu, kin fi mini wasu 'yan ɗaki ɗaya, kuma ba wanda ya san garin nan kamar ke. Ina za mu ci abinci? Me za mu gani? Kin san kafintan nan nawa ba ya son ƙyale-ƙyale. In da hali, ki zaɓa mana wuraren da mutum zai zauna ba sai ya yi ta magana ba.

Ƙanwarki,
Malamar aji ɗaya

*

'Yar Goggo,

Wa'alaikumus salam. Gwiwa tana nan da halinta, ita ce ke gaya mini za a yi ruwa kafin masu rediyo su sani. Sauran jiki Alhamdu lillahi. A duba mini masu mura.

Na karanta takardarki na yi ta dariya har surukata ta leƙo ta ga ko lafiya. Amarci bayan shekara ashirin da huɗu! Allah ya yi wa yarinyar nan albarka. Kuma na gane ki sarai: da safe yara arba'in a aji, da yamma biyar a gida, ai dole kunnenki ya nemi hutu. Wurin shiru kike so, wurin shiru za ki samu.

Ki fara da ɗaga kai tun daga tasha. Rufinta gilashi ne gaba ɗaya, tsuntsaye na shawagi a ciki kamar ba su san an rufe ba. Ranar da na fara sauka a wurin, na tsaya baki buɗe har wani ya taka mini ƙafa. Shekara bakwai ke nan da baro garin, amma in na rufe ido ina jin ƙarar takalman mutane a wurin.

Abinci kuwa, ku hau lif zuwa hawa na talatin a dogon benen da ke bakin kogi. Ku je kafin rana ta faɗi, ku ce a ba ku teburin mutum biyu a jikin taga. Ba kiɗa, ba hayaniya, ko cokali aka ajiye sai kin ji. Daga can motoci kamar tururuwa suke, kogin kuma ya koma kamar an zubar da narkakken ƙarfe. Ke da shi, fuska da fuska, sa'a biyu ba mai ce miki "Mama". Ki ci kifinsu gasasshe da lemon tsami. Za su jera miki cokula har huɗu, kada ki tsorata, ki fara da na waje ki shigo ciki. In kin rikice ma ba komai, mu masu kai abincin ba ma kallon hannun mutane kamar yadda suke zato.

Ku je gidan kifaye. Wata doguwar hanya ce ta gilashi, ruwa a dama, ruwa a hagu, ruwa a bisa kanki, kifin da ya fi ƙofar ɗakinki girma ya wuce ta samanki yana kallon ki. A can ƙarshe akwai wani ɗaki mai duhu da aka ajiye wasu halittu masu kama da lema, ba ƙashi, ba ido, haske na ratsa jikinsu. Ni dai da na gan su tasbihi kawai na yi ta yi.

Shi kuma gogan naki, ki kai shi tsohon ɗakin karatu na tsakiyar gari. Ba don littattafan ba. Akwai wata matattakalar katako da ta murɗe har hawa uku, an ce babu ƙusa ko ɗaya a jikinta. Ni ban san gaskiyar haka ba, shi zai gaya miki.

Ranar ƙarshe ku shiga jirgin ruwan da ke zagaya gadoji. Ki tafi da mayafi mai kauri, iskar kogin ba ta da kunya. Kuma don Allah kada ki cika jaka da tsarabar yara tun ranar farko, na san halinki.

Yayarki

*

'Yar Goggo,

Sallama da gaisuwa. Mu nan lafiya, jikana ƙarami ya fara haƙori, gidan ba a cewa komai.

Mako shida ke nan ban ji daga gare ki ba. Na buga waya sau biyu, Auta ya ɗauka ya ce kina makaranta, na biyun ya ce kin kwanta kanki na ciwo. Ke da ba kya kwana da saƙo a hannu? Ruwa ba ya tsami banza. In tafiyar ce ta rushe, ki faɗa mini. In kuma wasan da na yi miki na amarci ne ya yi yawa, ki yafe wa tsohuwa, bakina ya riga hankalina tun ina yarinya.

Yayarki

*

Yayata,

Ina gaisuwa. Lafiyarmu ƙalau, ciwon kan ma na ƙarya ne. Ki gafarce ni. Sau uku ina fara ba ki amsa ina yagawa.

Ba wasanki ba ne. Teburin nan ne na hawa talatin. Da na karanta "fuska da fuska, sa'a biyu", sai na ninke takardar na ajiye. Yaya, ba hutun kunne nake nema ba. Tsoro nake ji.

Ni da Baban yara ba mu da faɗa. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, ban taɓa kai ƙararsa wurin kowa ba. Amma na zauna na yi tunani, na rasa yaushe rabon da mu yi maganar da ba sunan yaro a ciki. Wa zai kai wannan asibiti, takalmin wancan ya tsage, me malamin waccan ya ce. In yara suka tashi daga kan abinci suka bar mu, sai gidan ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Shi ya jawo rediyo, ni in kwashe kwanuka da sauri kamar ana kora ta. Rannan wuta ta ɗauke da rana, yara duk sun fita, muka zauna a falo kusan rabin sa'a. Abin da ya ce kawai shi ne, "Zafi yau." Na ce, "Wallahi kuwa." Shi ke nan, hirar ta ƙare.

Bayan hutun nan Auta zai tafi makarantar kwana. Biyu suna jami'a, ɗaya zai koma wurin koyon aikinsa, Babbar tana ɗakunan asibiti. Gidan zai rage daga ni sai shi. Ina tsoron kwana ukun nan su nuna mini abin da yara suka rufe mana shekara da shekaru, cewa in an cire su babu abin da ya rage a tsakani. Gara rashin sani da in je har hawa talatin in gani da idona.

Na so in ce wa yarinyar nan ta mayar da tikitin, amma in kin ga yadda take murna ba za ki iya ba. Saura mako uku. Ki faɗa mini gaskiya, in fasa?

Ƙanwarki

*

'Yar Goggo,

Gaisuwa a taƙaice yau, gwiwa ta jira. Na koma na sake karanta takardarki ta farko, na ga abin da kika rubuta ƙiri-ƙiri, ni kuma na karanta abin da raina ke so. Ki yafe mini.

Kada ki fasa. Saurara ki ji abin da tire ya koya mini. Shekara ashirin da biyu ina kai abinci, tun daga bakin ƙofa nake gane irinku. Sukan zauna suna fuskantar juna, kowa ya karanta takardar abinci sau uku, matar ta yi ta juya kwalbar gishiri, mijin ya yi ta duba agogo. Ina sabuwa nakan ce waɗannan sun gama yawo. Daga baya na gane yawancinsu ba ƙiyayya ba ce, hanyar bakin ce ta toshe don an daɗe ba a bi ta ba.

A gidan da na fi daɗewa muna da wata dabara. In muka ga irin haka, sai ɗayanmu ya je da ladabi ya ce, "Ku yi haƙuri, an riga an kama teburin nan." Sai mu mayar da su doguwar kantar da ke kallon kicin, su zauna kafaɗa da kafaɗa, idonsu a kan wuta da wuƙar kuku. Kin san in ido ya samu aikin yi, baki yakan saki jiki. Kafin a kawo miya sai ki ji ɗaya ya ce, "Kin ga yadda yake yanka albasar nan?" Daga albasa kuma Allah kaɗai ya san inda za a tsaya. Ba kowa ta yi wa aiki ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma na ga waɗanda muka kwashe faranti a gabansu ba su ma lura ba.

Saboda haka ki manta da hawa talatin. Ku je bayan tasha, layi na biyu, ƙofa mai koren fenti. Ki nemi Dogon Kuku, ki ce ni na aiko ki, ya ba ku kujeru biyu a kanta. Ku je rana ta biyu, da azahar. Ranar farko ku yi ta yawo kawai, ku gaji. Kuma kada ki hana kanki zancen yara, ki bar shi ya zuba, da kansa zai ƙare.

Ina nan ina addu'a, ina kuma jiran takarda. In kika sake yi mini shirun mako shida, da sandata zan zo.

Yayarki

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Mun dawo lafiya, mun tarar da gida lafiya, ban da tukunya ɗaya da yara suka ƙona suka ɓoye a bayan tanki. Yaya gwiwa? Ki gyara zama, takardar nan doguwa ce.

Gani ya kori ji! Rufin tashar nan, Yaya, ashe rage shi kika yi. Na tsaya da jaka a hannu ina kallon tsuntsayen har wuyana ya ƙage. Gidan kifaye kuwa ban san yadda zan faɗa miki ba. Da babban kifin nan ya wuce ta samanmu, sai inuwarsa ta rufe mu duka. Halittun nan masu kama da lema na kai rabin sa'a a gabansu, suna buɗewa suna rufewa kamar numfashi, na ji na zama ƙanƙanuwa a duniyar Allah. Amma kin san me muka yi ta faɗa? "Da Auta ya ga wannan." "Da Babbar tana nan." Duk ranar farko haka ta ƙare. Na koma masauki idona cike, zuciyata kuma tana cewa, to, ga shi kin gani.

Washegari da safe na kai shi ɗakin karatun. Muna shiga ya ja ya tsaya. Sannan ya je ya ɗora tafin hannunsa a jikin katakon a hankali, kamar mai taɓa goshin jariri. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya hau, ya sauko, ya sake hawa. Da ya juyo idonsa ya yi ja.

"Gaskiya ne," ya ce. "Ba ƙusa. Kowane katako shi ke riƙe da ɗan'uwansa. Zo ki gani."

Ya kama nuna mini inda aka sassaƙa wannan ya shige cikin wancan. Wai tun yana shekara goma sha bakwai ya ga hoton irinta a wurin maigidansa, kuma shekara tara ke nan yana gwada 'yar ƙarama a ɗakin bayan shagonsa, sau huɗu tana rushewa. Yaya, ban taɓa shiga ɗakin bayan shagon nan ba. Ban san akwai abin da ke hana mijina sukuni ba. Ya yi magana ta kusan sa'a guda, ni kuwa kunya da mamaki suka rufe mini baki, sai "to" da "ikon Allah" nake ta yi. Na ce a raina, bari mu je kantar Yaya, a can nawa bakin zai buɗe.

Yanzu ki yi haƙuri da abin da zan faɗa miki. Mun sami layin, mun sami ƙofar, har yanzu koriya ce. Amma shagon sayar da waya ne. Matar da ke ciki ta ce shekara huɗu ke nan da rufe gidan abincin, Dogon Kuku ya koma garinsu wurin 'ya'yansa, lafiyarsa lau da ta ji labarinsa na ƙarshe. Na leƙa, kantar tana nan, sun jera wayoyi a kai. Na shafa ta a madadinki.

Muka fito. Dabara ɗaya na riƙo tun daga gida, ga ta ta tashi a banza. Yunwa kuma ta taso mu, abin da muka hango kawai wani ɗan gidan abinci ne a tsallaken wani titi mai layi shida. Muka tsaya a bakin danja. Tana ba mu hannu, mutane suka ɗunguma, sai na ji an cafke mini wuyan hannu gam. Shi ne. Ko kallona bai yi ba, idonsa na kan motoci, ya miƙa hannu baya kamar yadda ya saba yi wa duk yaron da ke kusa, ya ja ni har da cewa, "Yi sauri, kada ka tsaya!" Sai da muka haye ya ga abin da ya kamo.

"Yi haƙuri," ya ce. "Sabo ne."

Na duba hagu da dama, ba wanda ya san mu a garin nan. Na ce, "Kada ka saki, ban san ko akwai wani titin a gaba ba." Taku goma ne zuwa ƙofar, kuma dukanmu muna ganin ta.

A ciki ba kanta, sai ƙananan tebura, kujera na kallon kujera, abin da nake gudu. Aka kawo kifi da shinkafa da wata miya mai tsami da ban san sunanta ba. Ban ankara ba na ture kofuna daga bakin tebur kada a zubar, na zare ƙayoyin kifin tas, na hura, na tura masa gabansa. Ya dubi farantin, ya dube ni.

"Malama, shekarata hamsin da ɗaya," ya ce.

Dariya ta kama mu har mai kai abincin ya waiwayo. Da ta lafa sai ya sa hannu a aljihu ya fito da wani guntun samfefa, irin wadda yake goge katako da ita, ya ajiye a gabana. A bayanta ya rubuta da fensir: rufin kicin, fentin falo, ciwon bayan yayansa, tsadar katako, ko za mu sayi akuya.

"Abubuwan da zan yi miki hira a kai ne," ya ce. "Mako biyu ina tara su. Kafin jirgi ya kai tasha ta biyu sun ƙare. Tun daga nan nake cikin tashin hankali."

Sai kuka ya zo mini, a gaban mutane, da cokali a hannu. Na gaya masa komai, har da takardun da na rubuto miki da ciwon kan ƙarya. Ya ce shi ma in yara suka tashi daga kan abinci, ba don labarai yake kunna rediyo ba, gani yake na gaji da shi. Yaya, shekaru nawa muka yi kowa na tsoron ɗan'uwansa a gida ɗaya! Abincin ya huce a gabanmu, muka ci shi da sanyinsa, kuma ban taɓa cin kifi mai daɗinsa ba.

Mun shiga jirgin ruwan rana ta uku. Gadojin nan, in kin bi ta ƙarƙashinsu, sai ki rasa yadda ɗan'adam ya ɗaga su. Iskar kuwa kin yi gaskiya, ba ta da kunya ko kaɗan.

A jirgin dawowa ne rigima ta tashi. Na ce ranar da ya fara zuwa makarantarmu gyaran benci, shi ya fasa gilashin tagar ajina da katako don yana kallona. Ya rantse tagar a fashe ya same ta, kuma wai ni na fara aika masa da ruwan sha har sau uku ba tare da ya roƙa ba. Na ce sau ɗaya ne, kuma shugabar makaranta ce ta sa ni. Ya ce to wa ya sa ni sake ɗaura ɗankwali kafin in kawo? Daga nan muka tono abin da ban san ina tune da shi ba, ina ba shi amsa yana ba ni, har matar da ke kujerar gabanmu ta shiga tana goyon bayana.

Muna cikin haka wayata ta yi ƙara. Babbarmu ce.

"Mama, kuna ina? Jirgi ya zo ya tafi, kowa ya sauka, ban gan ku ba!"

Na leƙa taga, ban san garin da nake gani ba. Mun wuce tasharmu da gari biyu, ko sanarwar ba mu ji ba. Yarinyar nan ta ruɗe tana tambaya ko barci ya kwashe mu, ko wani abu ya sami babanta. Na miƙa masa wayar don dariya ta hana ni magana.

"Lafiya lau muke," ya ce mata. "Ki koma gida, za mu biyo na yamma. Magana muke yi da mamanki, kuma ba mu gama ba."

Auta zai tafi ranar Lahadi. Zan yi kuka, na sani, amma ba na tsoron ranar Litinin.

Ƙanwarki,
Malamar aji ɗaya